Tohon da Ke Ƙasan Tsumma

A unguwar Hausari kowa ya san gidan Ba Ari, ba don girmansa ba, don bai wuce ɗaki uku da rumbu biyu ba. An san shi ne saboda wani lungu da ke bayan ɗakin girki, inda katangar gidan ta haɗu da ta maƙwabta ta yi kusurwa, ga rijiya a tsakiya, ga tsohuwar tsamiya ta leƙo daga waje. Iskar sanyi ba ta san hanyar wurin ba. Bangon ɗakin girki kullum da ɗuminsa, ƙasar kuma ba ta bushewa saboda ruwan da ke zuba daga guga. Lokacin da mutane ke takure a bakin wuta, kajin gidan can suke zuwa su baje fukafukai. Ya Fanne, matar gidan, takan ce ko taɓarya aka kafa a lungun nan sai ta yi ganye.

A nan ɗansu Saleh ya shuka lemonsa.

Saleh shi kaɗai ne namijin da ya tsaya musu, uku sun binne tun ba a yaye su ba. Ba Ari kuwa manomin gero ne na gaske, irin wanda zai tsaya a bakin hanya ya kalli gonar wani ya faɗi damin da za a ɗaure, kuma ya faɗi daidai. Cutarsa ɗaya ce, ba a koya masa. Ya so yaron ya gaje shi a gonarsu ta bayan Yindiski, sai yaron ya tafi ya zama lebura a lambun Baturen gona, inda ake renon 'yan itatuwa layi-layi. Ba Ari ya haɗiye wannan da ƙyar. Bai gama haɗiyewa ba aka shiga ɗibar samari zuwa yaƙin Burma, Saleh ya je da ƙafarsa ya ba da suna, wai an ce za a koya musu tuƙin mota. Daga ranar uban ya ɗauke masa kai. In ya gaishe shi sai ya ce "lafiya" ɗaya tak, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ranar tafiya da kaka ne, an fara yankan gero. Saleh ya ajiye ƙunshinsa a zaure, ya zagaya lungun rijiya, ya tsugunna gaban ɗan itacen da ya shuka da ƙwaya tun bara waccan. Kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, an naɗe shi a tsakiya da shuɗin tsumma da ya yago daga tsohuwar taguwarsa.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Ba Ari yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana wasa magirbi. Tsakaninsu bai kai taku goma ba.

"Baba."

Sai ƙarar dutse a kan ƙarfe.

"Baba, magana ɗaya ce, in nuna maka in tafi."

Sau uku ya kira. Ya Fanne tana bakin murhu tana ƙirgawa, kowane kira sai ta ji shi a ƙirjinta. Da na ukun ma bai sami amsa ba, yaron ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka kunyata, ya ce, "Inna, to ke zo."

Ta zo ta tsugunna kusa da shi. Ya ɗaga gefen tsumman da farce, ya nuna mata wani ɗan kumburi kore da bai kai ƙwayar wake ba.

"Kin ga gindin nan? Lemun tsami ne, irin mai kaushin ɓawon nan da ko akuya ba ta so. Amma saiwarsa ba ta jin fari, shi ya sa ake yi masa aure da na zaƙi. Wannan ɗan idon daga lemun zaƙin lambunmu na yanko shi, na tsaga ɓawo na cusa. Sati uku ke nan, ya kama." Ya zaro aska ya fille kan itacen daga saman tsumman, ya shafe wurin da laka. "To ki ji da kyau, Inna. Zai yi barci har sanyi ya wuce. Duk abin da ya fito ƙasan tsumman nan a cire shi, komai kyansa. Wanda ya fito daga cikin tsumman shi ne lemon, ko da ya fito kamar ba zai yi rai ba. A yi haƙuri da shi."

"Yaushe zai farka?"

"Sai an daina kwana da wuta a ɗaki. A lambunmu haka suke yi duk shekara."

Gaskiyar abin da ya sani ya faɗa. Sai dai lambun Bature fili ne fetal, iska na shiga ta gabas ta fita ta yamma, shi kuwa a lungun uwarsa ya yi shuka. Wannan lissafin ne bai yi ba.

Ya je ya durƙusa gaban uban ya yi sallama. Ba Ari ya ce, "Allah ya kiyaye," idonsa a kan magirbi.

Sanyi ya shigo ya yi ƙarfi. Ana cikinsa aka aiko daga garin Mamudo cewa Kellu, yayar Saleh, ta haihu da ƙyar, jini ya ƙi tsayawa, a zo. Ya Fanne ta leƙa lungu kafin ta fita, ta ga idon yana nan a rufe, barcinsa yake yi. Ta lissafa ta ga ko wata guda ta yi za ta dawo kafin a daina kwana da wuta. Ta so ta gaya wa maigidan maganar tsumma, amma a kwanakin nan duk wanda ya ambaci Saleh, Ba Ari takalminsa yake nema. Don haka ta ce kawai, "Malam, ɗan itacen nan na bayan ɗakin girki, a riƙa yayyafa masa ruwa."

Kwana ashirin da biyar ta yi. Kellu ta miƙe, jaririya ta kama nono, Ya Fanne ta dawo a kan jakin surukinta da ƙullin daddawa. Har lokacin ana hura wuta a ɗakuna.

A ƙofar zaure ta tarar da Ba Ari, fuskarsa a sake, abin da ta yi wata huɗu ba ta gani ba. Ko ruwa bai bari ta sha ba.

"Ajiye kayan, zo ki gani."

Lungun ya canza. An share, an kewaye itacen da kara saboda awaki, an zuba taki, an yi masa gurbin ruwa mai kyau, aikin mutumin da ya san ƙasa. A tsakiya wani toho ya miƙe ya fi taƙi, mai kauri, ganyensa na sheƙi, bakinsa ja-ja, har ƙayoyi sun fara fito masa. Daga can gindi ya fito, dab da ƙasa. Shuɗin tsumman babu shi, babu ma wurin da yake.

"Sati biyu da tafiyarki ya ɓalle," in ji Ba Ari. "Da sanyin nan fa. Biyu suka fito. Wannan daga ƙasa, kamar ana koro shi. Ɗayan can sama, wani ɗan tsigigi mai ganye biyu, ga tsumma ya shaƙe shi. Yaran yanzu, a ɗaure itace kamar mai kaciya. Na yi masa abin da ake yi wa gero in an zo rage shi, na bar mai ƙarfin na cire raunanan. Saman gaba ɗaya na yanke, ƙarfin ya koma wuri ɗaya. Ba ki ga yadda ya gode ba?"

Shekara arba'in yana wannan aikin a gona, kuma gero bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ya Fanne ta duba gefe. A gindin katanga ta hango guntun itacen a yashe, tsumman na naɗe da shi, ɗan tohon ya yanƙwane ya bushe.

"Malam," ta ce, "ai yaron nan ya ce..."

"Ya ce me?"

Da da faɗa ya tambaya, da ta gaya masa, a yi wadda za a yi. Amma da sauri ya juyo, ido a buɗe, kamar mai jiran saƙo. Nan take ta gane cewa mutumin nan da bakinsa ya kasa ce wa ɗansa ya yafe, da taki da kara yake faɗa. Sai ta canza maganar.

"Ya ce a ba shi ruwa safe da yamma."

"Ai ina ba shi."

Da ya fita masallaci ta ɗauke guntun ta sa a ƙasan adudunta. Ta lallashi zuciyarta da cewa in Saleh ya dawo aikin aska ne da tsumma, ya yi dariya ya sake wani.

Saleh bai dawo ba. Da kaka ta zagayo, mai unguwa ya yi sallama a zaure tare da wani masinja riƙe da takarda. Ba harsashi ba ne, zazzaɓi ne, a wani daji da masinjan kansa ya kasa faɗin sunansa, kuma can aka binne shi. Daga baya waɗanda suka dawo suka ce ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba, kaya suke ɗauka a ka.

An yi zaman makoki, an watse. Ya Fanne ta yi kukanta a gaban mata, ta rage. Ba Ari bai yi a gaban kowa ba. Babu kabarin da zai je ya tsaya a kai, sai ya koma lungun rijiya. Yana dawowa daga sallar asuba zai ja guga. Da la'asar zai shimfiɗa buzunsa a gindin katanga ya zauna da carbi, yana kallon itacen kamar zai yi masa magana. Shi da a da ba ya son a ambaci sunan yaron, yanzu duk wanda ya shigo sai ya ja shi lungun ya ce, "Zo ka ga lemon Saleh." A gaban liman ya yi alkawari cewa 'ya'yan fari, ranar da Allah ya nuna masa su, zai kai masallacin Juma'a a raba sadaka, kowa ya sha zaƙi ya yi wa yaron addu'a.

Ya Fanne tana bayan zana ta ji wannan alkawarin, ta zauna a kan turmi.

Daga ranar ta shiga zaman tsoro. Ta san abin da itacen nan zai haifa, ta san kuma abin da zai biyo baya. Wani zai duba ya ce ai wannan ba a yi masa aure ba, ko an yi an yanke, Ba Ari kuma ya tuna wuƙarsa. Ta san mijinta. Abinci ya ragu a cikinsa, wuyansa ya zama kamar na zakaran da ya yi jinya, itacen nan kaɗai ke tashinsa da safe. In ya gane da hannunsa ya yanke aikin ƙarshe na ɗansa, ba ta ga abin da zai sake tashinsa ba. Ta kuma san rabonta a cikin laifin, don ita aka gaya wa, ita ta tafi ba ta faɗa ba, ita ta dawo ta yi ƙarya.

Itacen kuwa ko a jikinsa. Kowace shekara, tun maƙwabta na fama da majina da faso, shi zai fara fitar da jajayen tohonsa, sati uku ko huɗu kafin kowane itace a unguwar ya motsa. Mutane su zo su yi ta cewa albarkar mamaci ce. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, rijiyar ta ja baya har guga na kwaso laka, Ba Ari ya ƙara igiya, ya ƙara wata, daga baya ya koma ɗauko ruwa a tulu daga bakin kasuwa, tsoho da furfurarsa a cikin layin mata. Gonar Yindiski rabinta ta koma saura.

A kaka ta uku Ya Fanne ta kasa daurewa. Ta ce za ta je neman zogale, ta yafa zanenta, ta bi hanyar lambun Bature. Akwai wani Babayo a can, babban lebura mai furfura a gemu, shi ya koya wa Saleh riƙon aska, ya kuma zo ta'aziyya har sau biyu. Ta same shi a durƙushe a cikin layin 'yan itatuwa, kowanne da ɗaurinsa.

"Wushe, sannu da zuwa, Ya Fanne. Lafiya dai?"

Ba ta iya dogon bayani ba. Ta kwance bakin zanenta ta nuna masa guntun itacen da shuɗin tsumma. Babayo ya karɓa ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Ɗaurin Saleh ne. Shi kaɗai yake ƙulli biyu." Ya miƙa mata. "Ba Ari ya sani?"

"Bai sani ba. Ba na so ya sani."

"To me kike so a yi?"

"A sake sa masa wani idon. A ɓoye."

Babayo ya sosa gemu. "Zai yiwu. A sa a reshe ɗaya, in ya kama a riƙa rage sauran a hankali, shekara biyu uku ya ba da na zaƙi. Amma kin san ba hannun Saleh ba ne."

"Shi dai ya sha zaƙi," ta ce. "Sauran ni zan ɗauka."

Ranar da Ba Ari ya tafi ɗaurin gero, Babayo ya zo da rana tsaka. Ya zaɓi wani reshe ta ɓangaren katanga, inda ido ba ya saurin kaiwa, ya tsaga, ya cusa, ya ɗaure da zaren rama mai launin ɓawo. Kafin ya fita ya tsaya ya shaƙi iskar wurin, ya dafa bangon ɗakin girki.

"Lungun nan ba irin namu ba ne, ɗumi gare shi. Kada ki jira zafi, tun da sanyi ki sa ido."

Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Shekara uku da suka wuce ya kamata wani ya gaya mata haka.

Wannan karon ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Aka yi rasuwa a Mamudo, ta ce ƙafarta ke ciwo. Kullum sai ta sami dalilin zuwa rijiya sau biyar, ta ɗaga ganye ta duba. Sanyi na tsakiyarsa idon ya kumbura, ya fashe, ya fitar da ganye biyu ƙanana, kore shar, babu ja a bakinsu. Ta tsaya tana kallonsu har tuwo ya kama a tukunya. Kwana tara tana renonsu da ido, tana tsara yadda za ta ce wa Malam reshen nan ya burge ta, a bar mata shi.

Ran na goma ta zo da safe ta ɗaga ganye, babu komai. An kankare wurin tas, an kwance zaren, an shafe raunin da laka sumul. Ba Ari yana gefe yana zuba ruwa a gurbi.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau. Sanyin yau ya fi na jiya."

Ta koma ɗakin girki ta zauna a gaban murhu, hayaƙi ya ba ta dalilin share ido. Ta ce a ranta halin nan nasa na manomin gero shi zai kashe su duka, mutum ba ya iya ganin rauni ya ƙyale. Ba ta sake komawa wurin Babayo ba, ƙarfinta ya ƙare.

Shekara ta zagayo, itacen ya yi fure. Kamar kullum ya riga kowa, ana tsakiyar ɗari. Ƙamshi ya cika gidan ya tsallaka katanga, ƙudan zuma suka taru, matan unguwa suka riƙa shigowa suna cewa ma sha Allah. Ya Fanne tana amsa musu da baki, a ranta kuwa, Allah ya yafe mata, roƙo take yi furen ya zube. Da yawa ya zube. Tara suka tsaya, suka ƙulla, suka sha ruwan damina suka girma, masu ƙurji-ƙurji a jiki, kowanne da ɗan tsini a ƙasa. Wata maƙwabciya ta ce ita dai lemun zaƙin da ta taɓa gani a tasha sumul yake. Ba Ari ya ce iri-iri ne.

Da kaka suka fara rawaya. Ba Ari ya aika wa liman cewa Juma'ar nan ce.

Ran Alhamis da hantsi Ya Fanne tana tankaɗe ta ji ya kira ta daga lungu. Ta kakkaɓe hannu ta tafi. Yana zaune a kan buzunsa, ya tsinko guda ɗaya ya ajiye a gabansa, ga wuƙa. Ita ce dai wuƙar da ya yanke saman itacen da ita.

"Zauna."

Ta zauna a bakin rijiya. Ya fere lemon a hankali. Ɓawon kauri gare shi, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, sai 'ya'ya birjik. Warin tsami ya iso hancinta tun daga inda take. Ya ɓare ɓari ɗaya ya sa a baki. Ta ga muƙamuƙinsa ya ɗaure, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye. Ya ɓare na biyu.

"Malam, bari. Akwai maganar da..."

"Na sani."

Ya cinye na biyun, ya tofar da 'ya'yan a tafin hannunsa.

"Bayan an share makoki da kwana uku na je lambun nan nasu," ya ce, idonsa a kan itacen. "Ban gaya miki ba. So nake in ga inda yake wuni. Na tsaya a bakin wayar shinge, na ga itatuwa a jere kowanne da tsummansa, na ga wani lebura yana bi yana tsinke toho masu kyau yana zubarwa, yana barin 'yan tsigigin. Na ce masa kai, haka ake aiki a garinku? Ya yi mini bayani. Bai san ko ni wane ne ba."

Shekara huɗu ke nan. Ya Fanne ta riƙe bakin rijiya da hannu biyu.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka ba ki sani ba. Na ce ita ma ta rasa ɗa, in bar mata itacen. Sai ranar da na ga zaren rama a reshen can, na ce ashe tsohuwar nan ta riga ni."

"Ka san ni na sa aka yi, ka kankare?"

"Na sani."

"Da ka bar shi, Malam. Da yanzu..."

"Da yanzu ya kusa ba da na zaƙi. In kai masallaci, mutane su sha su ce Allah ya jiƙan Saleh, hannunsa da albarka, ni kuma in zauna ina cewa amin, alhali na san nasa ni na yanke shi na jefar a gindin katanga." Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba. Gindin nan dai shi ya shuka ƙwayarsa. Abin da na bar wa kaina ke nan, shi zan sha."

"To sadakar gobe fa?"

"Zan kai su haka. In an tambaye ni in faɗa."

Haushi ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa ji a kansa ba, har ta ji kamar ta ɗauki guga ta jefe shi. Shekara huɗu suna kwana a gida ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, kowa na gadin ɗan'uwansa daga abin da dukansu suka sani, babu wanda ya taɓa kuka a gaban wani. Haushin bai je ko'ina ba, ya narke ya bar ta da tausayi da gajiya.

Ba Ari ya goge wuƙar a gefen buzu.

"Na nemi guntun a gindin katanga ban gani ba. Yana wurinki?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe adudu, ta kawo. Tsumman ya koɗe, ganye biyun sun daɗe da zama gari, sai ɗan tsinken da ya rage a maƙale. Ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa ƙullin da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Ranar nan ina jin muryarsa, amma na ƙara ƙarfin dutsen don kada in ji abin da yake cewa." Ya ɗago ya dube ta. "Ke kin ji. Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Malam, me zai ƙara yanzu?"

"Faɗa mini dai."

Ba ta manta ko kalma ɗaya ba, don babu ranar da ba ta maimaita su ba. Ta kalli ƙasa ta faɗa a hankali, yadda yaron ya jera su.

"Zai yi barci har sanyi ya wuce. Duk abin da ya fito ƙasan tsumman nan a cire shi, komai kyansa. Wanda ya fito daga cikin tsumman shi ne lemon, ko da ya fito kamar ba zai yi rai ba. A yi haƙuri da shi."

Ba Ari ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye, kamar yadda ake sauraron babba. Kaji suna tono a gindin itacen, hayaƙi na fita ta saman bangon ɗakin girki. Sannan ya juya wajen da yaron ya tsugunna a ranar, taku biyu daga buzunsa.

"To," ya ce. "Na ji."

Ya ɗauki sauran lemon ya ci gaba da ɓarewa.